Ramin Haƙa Bayan An Tashi Daga Aiki
Jawabi Ga Jama'ar Minna



Dattawan da ke cikinku za su tuna da lokacin da jirgin ƙasa yakan shigo tashar Minna yana tuƙar baƙin hayaƙi. Kwal ɗin da yake ci daga Inugu ake kawo shi, inda aka gano shi a wajen Udi cikin 1909. Jirgin ya daina cin kwal, aikin haƙar ya mutu, amma ramukan suna nan. To, a kan irin waɗannan ramuka ne zan yi magana.

A ƙasar Jamus, kusa da garin Senftenberg, akwai wani makeken ramin kwal da aka daina haƙa cikin 1966. Hukuma ba ta bar shi haka ba. Aka gyara gaɓarsa don kada ta rufta, aka karkato ruwan kogi aka yi ta zuba masa daga 1967 har 1972. Yau tafki ne mai faɗin hekta wajen 1,300, mutane suna wanka, suna tuƙa kwalekwale. Tulin ƙasar da mahaƙa suka zubar ya zama tsibiri, aka keɓe shi domin tsuntsaye da itatuwa. Amma ku lura, an hana mutane hawa tsibirin, domin ƙasar da aka tula ba ta da tabbas, ko bayan shekaru masu yawa.

Mu ma mun ɗan taɓa. A Jos, tun zamanin Turawa aka cike wasu ramukan kuza aka dasa itatuwan turare, kuma wani tafkin haƙa a Rayfield ya zama wurin shan iska. Sauran kududdufan kuwa, da yawa an bar su, suna cin mutane da dabbobi.

A nan Jihar Neja zinariya ce tamu, kuma ta fi kwal mugun hali, domin dutsenta a wasu wurare yana tafe da gubar dalma. Cikin 2015 yara 28 suka rasu a Shikira da ƙauyukan kusa, a Ƙaramar Hukumar Rafi. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kawo sabuwa. Cikin Yuni 2024 kuma rami ya rufta da mahaƙa a Galkogo, ƙasar Shiroro.

Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa duk mai lasin haƙa ya gyara wurin da ya ɓata, ya kuma zuba kuɗi a asusun gyaran. Saboda haka, masu unguwanni da dagatai, in kamfani ya zo neman sa hannunku, ku tambaye shi tun kafin ya kafa diga: wa zai cike ramin, da wane kuɗi, me za a dasa a kai? A rubuta amsar a takardar yarjejeniya. Kafin a yi gyaran kuma, kada a bar yara su yi wanka a ruwan ramin, kada a shayar da dabbobi a can, kada kuma a kawo dutsen zinariya cikin gida a daka shi a turmin da ake daka hatsi.