BA KOWANE JINI NE BASIR BA
Jawabi a kan ciwon dajin hanji

 

Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya shekara biyu yana ganin jini a bahayarsa. Ɗansa da ke aiki a Abuja bai taɓa gazawa ba, duk wata sai ya aiko kuɗi, kuɗin kuma su ƙare wurin masu tallar maganin basir da lasifika. Ranar da aka kai shi asibiti, hanjin ya riga ya toshe. Allah Ya jiƙansa.

Ciwon dajin babban hanji da dubura yakan fara ne da ɗan tsiro a cikin hanji, wanda kan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe. Alamominsa sun yi kama da na basir da atini, nan ne kuma yake yaudarar mu: jini ko majina a bahaya, gudawa da taurin ciki suna karɓa-karɓa makonni, jin kamar ba a gama bahaya ba, rama, da ƙarancin jini ba gaira ba dalili. Kada a ce na tsofaffi ne kawai. A Amurka, a 2021, an sauko da shekarun fara awo daga 50 zuwa 45, likitocin ƙasar nan kuma sun daɗe suna ganin sa ga 'yan arba'in. Wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi ciwon, shi ya fi cancanta ya yi sauri.

Awon farko shi ne wanda muka fi gudu: likita ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Na san kunyar Basakkwace, amma aikin minti biyu ne, mace kuma tana iya neman mace ta duba ta. Daga nan sai a zura siririn bututu mai kyamara a leƙa hanjin gaba ɗaya. In an ga tsiro a cire shi nan take, ko a gutsuri nama a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin ne kaɗai ke tabbatar da ciwon.

Tushen maganin tiyata ce, a yanke inda ya lalace a haɗa sauran. Wasu a ƙara musu da magungunan kashe ƙwayoyin ciwon, na dubura kuma sau da yawa har da gashi da na'ura. In an kama shi da wuri, mafi yawa suna warkewa. Abin da ke korar mutanenmu daga gadon asibiti shi ne jakar bahaya da ake maƙalawa a ciki. Ba kowa ake sa wa ba, ga da dama kuma ta 'yan watanni ce. Mai jaka yana zuwa kasuwa, yana kuma salla, domin malamai sun yi bayanin alwalar mai larura.

Saboda haka, 'yan uwana na Legas da Kaduna da Abuja, in Baba ko Inna sun ce basir ya tashi, ku tambaya: tun yaushe, kuma akwai jini? Sa'annan ku wakilta mutum ɗaya ya kai su sashen tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ya aiko muku da hoton takardar awon ta waya.