Ɗumi da Maganin Sankara



Mas'alarmu ta yau guda ce, wato yadda ɗumi yake taimakon maganin sankara ya isa inda ake bukatarsa.

Ku sani, ƙarin sankara yakan yi ƙarancin jini a tsakiyarsa, domin jijiyoyinsa a karkace suke, saboda haka maganin da likita ya ɗura wa majinyaci, komai ƙarfinsa, yakan gaza kaiwa can ciki. Amma idan aka ɗumama wurin da na'ura har ya kai wajen digiri 42, sai jini ya ƙara gudana, bangon jijiyoyin ya saki, fatar ƙwayar sankarar ta yi laushi, magani irin su cisplatin ya sami kafar kutsawa. Al'amarin da ya fi ba ni sha'awa kuwa shi ne, ƙwayar da magani ya raunata takan yi ƙoƙarin gyara kanta, zafin nan kuma yana tauye mata wannan gyara.

A ƙasar Holan, a shekarar 2018, masana suka bayyana cewa matan da aka wanke wa ciki da ɗumammen magani yayin tiyatar sankarar ƙwan mace sun fi 'yan'uwansu da ba a yi musu wannan wanki ba tsawon rai da kimanin shekara guda. Shekara guda, jama'a, ba ƙaramar ni'ima ba ce ga mai iyali.

Sai dai ku ji ni da kyau: wannan ɗumi awo gare shi, a asibiti ake yinsa, tare da magani. Sakiya ko gashi a gida ƙuna kawai suke ƙara wa majinyaci.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.