Saifa Mai Fashewa Bayan Kwanaki: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Wannan jawabi ne zuwa ga hakimai da malamansu, Allah ya ƙara musu girma, a kan wani haɗari da kan kashe mutum bayan kowa ya ɗauka ya warke.

Sau da yawa akan ji doki ya harbi mutum a ciki, ko sa ya tunkuye shi, ko ya faɗo daga bisa ɗorawa, ko ya faɗi da babur, ko a doke shi da sanda wurin faɗa. Sai ya tashi ya karkaɗe riga, babu jini, babu karaya, har ya koma gona. Bayan kwana huɗu, ko mako guda, sai a ga ya yanke jiki ya faɗi, kafin gari ya waye ya cika. Nan da nan sai a fara zancen sammu, alhali kuwa saifarsa ce ta fashe.

Ita saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, bayan tumbi. Nauyinta ga baligi mai lafiya wajen giram 150 ne, kuma cike take da jini, domin aikinta tace shi. Wata fata siririya ce ta lulluɓe ta. Idan bugu ya same ta, wani lokaci naman ciki ne kan tsage, fatar kuwa ta riƙe. Sai jini ya riƙa taruwa a ƙarƙashinta kaɗan-kaɗan, kamar salka da ake ta ɗura wa ruwa. Ran da fatar ta gaza, ko da da tari ne ko ɗaukar kaya, sai jinin ya kwarare cikin ciki, inda ido ba ya gani. Tun 1907 wani likitan Faransa mai suna Baudet ya bayyana wannan tsakani na lafiyar ƙarya. Likitoci na kiranta fashewar jinkiri idan ta auku bayan awa 48 ko fiye, galibi kuwa cikin mako biyu na farko take aukuwa.

Abin ya fi shafar ƙasashen da zazzabin cizon sauro ya yi yawa, gama yakan kumbura saifa har ta leƙo ƙasa da haƙarƙari, ta rasa garkuwarta. Irin wannan ko ɗan bugu ya ishe ta.

Ga alamun da za a lura da su: ciwo a saman ciki ta hagu; ciwo a kafaɗar hagu, ko da ba a bugi kafaɗar ba, domin jinin yana taɓa shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki; jiri in an miƙe tsaye; gumi mai sanyi; ƙishirwa; zuciya na bugawa da sauri; cikin fatar ido da tafin hannu su yi fari; ciki ya kumbura ya yi tauri.

In an ga haka, a kwantar da shi, a lulluɓe shi, kada a ba shi abinci ko ruwa. Kada a yi masa tausa, ko gashi, ko ƙaho, ko tsaga. A nemi mota nan take, a kai shi babban asibiti inda ake fiɗa da ƙarin jini, 'yan'uwansa su bi shi don ba da jini. Likita zai ɗauki hoton cikin. Wani a kwantar da shi a yi ta dubawa, wani kuwa sai an cire saifar. Mutum na rayuwa ba saifa, amma lalle ya karɓi alluran rigakafi, ya kwana cikin gidan sauro, kuma kada ya yi wasa da zazzabi.

Saboda haka ana roƙon kowane hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwa, duk wanda aka buga a ciki ko a haƙarƙarin hagu a kai shi likita ran nan, ko da ya ce lafiya lau yake. Sa'an nan ya bar noma, da hawa, da kokawa, sai likita ya yarda, kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Malamin hakimi kuwa ya rubuta ranar da abin ya auku, da abin da ya bugi mutumin, da wurin da aka buga, ya ba masu rakiya takardar. Ita za ta nuna wa likita inda zai duba, in kuma magana ta kai gaban alƙali, ita ce shaida.

Allah ya kiyaye talakawa, ya ja zamanin sarakuna, amin.