Yadda Salmonella Ke Cin Gajiyar Kumburin Hanji, da Tasirin Hakan ga Jinyar Gudawa a Tarauni

An daɗe ana ɗaukar kumburin hanji, wato kwararowar jini da fararen ƙwayoyinsa zuwa inda cuta ta shiga, a matsayin makamin kare jiki kawai. Wannan takarda tana jan hankalin masu karatu zuwa ga wata fuska ta daban, cewa akwai bakteriya, musamman Salmonella mai haddasa gudawa, da ke tayar da kumburin sannan su rayu da abin da ya haifar.

Babban hanjin mai lafiya kusan babu iskar oksijin a cikinsa, don haka mazaunansa na asali, wato ɗimbin bakteriya marasa cutarwa, suna samun kuzari ne ta ruɓar da ragowar abinci, hanyar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Cikin abin da suke fitarwa akwai iska mai warin baragurbin ƙwai, wadda bangon hanji ke mayarwa sinadari mara guba mai suna tayosalfet. A 2010, masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ƙarƙashin Andreas Bäumler, sun nuna a jikin ɓeraye cewa idan Salmonella ta kutsa bangon hanji, fararen ƙwayoyin jini suka yi mata luguden sinadarai masu ƙuna, sinadaran kan juya tayosalfet ya zama tetratiyonet, wanda ita take numfashi da shi a madadin oksijin alhali yawancin maƙwabtanta ba sa iyawa. Ta haka take rinjayarsu, ta cika hanji, ta fita cikin bahaya da yawan da zai kai ta ga wani mutum. Tun 1923 ɗakunan gwaje-gwaje ke tsamo Salmonella daga bahaya da ruwan tetratiyonet, amma sai bayan kusan shekara casa'in aka gano amfanin wannan baiwa a cikin hanji.

A 2016 masanan suka ƙara nuna cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta na siteriftomaisin yana hallaka bakteriyar Clostridia masu samar da butiret, wato makamashin da bangon hanji ke ƙonawa da oksijin, kuma da zarar butiret ya yi ƙaranci sai oksijin ya tsiyaya cikin hanji, Salmonella ta samu sarari.

Nan ne batun ya shafi Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni da ke Kano, inda gidaje da dama ke dogara da 'yan garuwa da rijiyoyin burtsatse, kuma ambaliyar kwatami da damina kan gurɓata ruwan sha. Wanda cikinsa ya ɓaci yakan fara da kemis ne, ya sayi filajil ko amfisilin na kwana biyu, ko a yi masa gwajin Widal, wanda aka ƙirƙira tun 1896 kuma yake yawan nuna taifod inda babu shi. Irin wannan shan magani barkatai yana iya share mazaunan hanji na gari ya bar fili ga mai cutarwa. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ba yara masu gudawar ruwa-ruwa ruwan gishiri da sukari tare da zink, a keɓe magungunan kashe ƙwayoyin cuta ga irin su atini da kwalara mai tsanani, take da hujjar da ta wuce gudun bijirewar ƙwayoyi ga magani.

Wajibi ne a bambanta gudawar Salmonella da taifod na haƙiƙa. Salmonella Typhi, mai haddasa taifod, tana lulluɓe da wani rufi da ake kira Vi, wanda ke dusashe kumburin farko, sai ta silale cikin jini, kuma a wajen mako na uku tana iya huda ƙarshen ƙaramin hanji, matsalar da likitocin tiyata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya suka saba karɓa. Wannan nau'in yana buƙatar cikakken magani bisa sakamakon shuka jini a ɗakin gwaji. Haka ma Salmonella mai gudawa idan ta shiga jinin yaron da zazzaɓin cizon sauro ko tamowa ko cutar sikila ta raunana garkuwarsa.