Jawabin Rantsar da Kwamitin Sauya Matsugunin Ƙauyukan Bakin Kogin Haɗeja

 

Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, ta raba mutum sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi ji a jika. Ruwan sama na sauka da ƙarfin da dattawa ba su saba gani ba, ga kachala ta toshe hanyoyin kogi, sai ruwa ya bi ta gari. Akwai ƙauyukan da tashi ya zame musu dole. Roƙona gare ku 'yan kwamiti ɗaya ne: masu tashi su za su zaɓi inda za su sauka.

Dalili kuwa, mutumin bakin kogi bai zauna can don ganganci ba. Fadama ce rumbunsa. Can yake shinkafa da damina, ya yi alkama da tattasai da rani, ya jefa koma ya kama kifi. In aka gina masa gidan bulo a tudun da sai ya yini bai kai gonarsa ba, zai karɓi makulli ya yi godiya, kafin ruwa ya gama janyewa ya koma kufai, kuɗin gwamnati sun bi ruwa ke nan. Ƙasar Fiji ta nuna mana wata hanya. A 2014 mutanen Vunidogoloa suka bar bakin teku suka matsa kimanin kilomita 2, a filin da suka zaɓa cikin ƙasarsu ta gado, da katakon dajinsu aka yi ginin, kuma sun zauna. Amma ko a can an yi tuntuɓe, don ba a saurari mata yadda ya kamata ba, aka miƙa gidaje babu madafi.

Za a ce shawara na cin lokaci, damina kuma ba ta jiran kowa. Gaskiya ne, shi ya sa aka rantsar da ku tun da rani. Wata uku na zaman tattaunawa ya fi araha a kan unguwar da za a gina ta zama makwancin awaki. Wasu kuma za su ce ai dagaci ya isa ya yi magana da yawun jama'arsa. Dagaci uba ne, ba mai musu, sai dai ba shi ke ɗebo ruwa ba, ba shi ke kora shanu mashaya ba, kuma mai aron gona ba ya buɗe baki a gaban mai gona. Ku zauna da mata daban, masunta daban, makiyaya daban. Ku tambayi masu filin da za a sauka, a biya su diyya kafin a aza harsashin gini. Maganar maƙabarta da masallacin Juma'a a gama ta a gaban malamai, takardar mallakar fili kuma ta shiga hannun kowane magidanci, har da matan da ke riƙe da marayu, ranar da za a kwashe kaya.

Allah ya yi muku jagora.