Haske a Fuska: Gyara ko Ƙuna?

Yin magani da haske ba yayin bana ba ne. Tun 1903 likitan ƙasar Danmak, Niels Finsen, ya ci kyautar Nobel saboda warkar da tibi mai cin fata da haske. Yau shuɗin haske na rage ƙwayoyin cutar da ke haddasa ƙurajen fuska, leza kuma na dusashe tabo.

Sai dai fa baƙar fata na zuƙar haske sosai, shi ya sa na'urar haske mai ƙarfi da ake kira IPL kan ƙona mu, ta bar tabon da ya fi na farko muni. Likitocin fata sun fi amincewa da lezar Nd:YAG a jikinmu. Ke kuwa 'yar'uwa mai shafa man bilicin, sanar da likita tukuna, domin fatarki ta riga ta yi rauni.