Jawabi kan mazan jiya: sojojin da suka fita ta ƙofar fada

Gaisuwa ta musamman ga tsofaffin sojoji da suka halarta da lambobinsu a ƙirji, da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

A irin wannan biki na cikar shekara ɗari, al'ada ce a jera sunayen sarakuna, a faɗi shekarun da kowane ya yi bisa karaga. Sai dai akwai waɗansu mutane da ba su shiga jerin ba, alhali kuwa ta ƙofar fada suka fita zuwa yaƙi. Su ne samarin da aka ɗauka soja a zamanin Nasara.

A shekara ta 1857 Faransa ta kafa rundunar baƙar fata da ake kira tirayar na Senegal. Sunan kawai ne na Senegal. Cikinta akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa da sauran al'ummomi. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, an ɗauki kimanin mutum 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da ke hannun Faransa, kuma kimanin 30,000 ba su dawo ba. A watan Afirilu na 1917, a fagen Shemen de Dam, an tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara, yatsu sun sandare har riƙe bindiga ya gagara, aka kashe dubbai cikin ƴan kwanaki.

Ba duk yaƙin aka yi a ƙetare ba. Lokacin da Kawusan ya kewaye barikin Agadas, daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, daga Damagaram, wadda ita ce hedikwatar ƙasa a lokacin, rundunar ɗauki ta tashi, kuma baƙaƙen sojoji ne mafi yawanta. Ramuwar da ta biyo baya, wadda ta ci rayukan malamai a Agadas, tabo ce da ba ta goge ba. Ba a tambayar soja inda yake so a juya bakin bindigarsa.

Da yaƙi ya ƙare ba a daina ɗaukar soja ba. Dokar 1919 ta mai da shi abin kowace shekara, wanda aka ɗauka kuma sai ya yi shekara uku. Kwamanda yakan aiko wa sarki adadin samarin da ake bukata, sarki ya raba wa masu gari, a taro su a fili. Likita ya duba ƙirji da ido da ƙafa, sannan a jefa ƙuri'a tsakanin masu lafiya. Wanda ta faɗa kansa ya sa kaki da jar dara. Sauran a rubuta su a kashi na biyu, inda hukuma kan ɗebi hannun aiki. Sarki a nan gaba kura ne, baya siyaki: in adadi bai cika ba rawaninsa na cikin haɗari, in ya cika kuwa ya san gidajen da za a kwana ana kuka. Gaskiya ba ta rage wa sarauta daraja, don haka ya dace a faɗe ta a wannan zaure: a wurare da yawa ɗan talaka da ɗan bawa da baƙo marar gata su aka fi turawa. An kuma sami gidajen sarauta da suka ba da nasu ƴaƴan. Waɗansu samari sun tsallaka iyaka da dare zuwa ƙasar Katsina da Daura da Sakkwato don tsira, har gonaki suka rasa masu noma. Hausawan can ma yaƙi ya cim musu, domin da su aka cika runduna ta 81 da ta 82 da Ingila ta kai dajin Bama daga 1943 zuwa 1945.

A yaƙin duniya na biyu, cikin watan Yuni na 1940, sojojin Jamus sun kama tirayar a ƙauyen Shasele kusa da birnin Liyon, suka ware su daga Turawan da ke tare da su, suka harbe su don launin fatarsu. Maƙabartar da aka gina musu a can, da jan gini irin na ƙasashen Sudan, tana ɗauke da kabarin tirayar 188. Ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin Afirka suka sauka a gaɓar kudancin Faransa, suka yi yaƙin ƙwato Tulon da Marsey. Da nasara ta ƙarato, sai aka janye baƙaƙe daga fagen daga, aka miƙa kayansu da makamansu ga samarin Faransa. Ranar 1 ga Disamba 1944 kuma, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta kan tirayar da suka dawo daga zaman fursuna suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba François Hollande ya ce aƙalla 70. Akwai masana tarihi da suke ganin sun kai ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunansa, kisan gilla.

Waɗanda Allah ya dawo da su sun dawo da Faransanci da sanin duniya. Daga cikinsu aka sami gardi da tafinta da direbobi. Wani ya dawo babu ƙafa, wani da hankali a girgize, yara na binsa da tsokana a kasuwa ba su san abin da idonsa ya gani ba. Jinin da suka zubar yana cikin abin da ya ba wakilan Afirka ƙarfin murya har aka soke aikin tilas a 1946. Na bayansu sun tafi Indoshin har zuwa 1954, da Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Seyni Kountché na cikin waɗanda suka taka waɗannan fagage biyu, kuma da irinsu aka kafa rundunar sojan Nijar a 1961.

Batun fansho shi ne ciwon da ya fi daɗewa. Wata doka ta Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴancin kai, na abokan yaƙinsu Faransawa kuwa yana ta hawa. Rami ɗaya, harsashi ɗaya, amma ladan daban. Wani tsohon sarjan na Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwamba 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. An fara gyara a 2007, aka kammala daidaitawa a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin suna ƙarƙashin ƙasa.

Sojan yau ƙasarsa yake wa aiki, ba ta wani ba, amma kukan uwa bai sake ba. An rasa soja 71 a Inates cikin Disamba 2019, aka rasa 89 a Cinagodar cikin Janairu 2020. Marayunsu suna cikin garuruwan ƙasar nan.

Saboda haka ana roƙon Mai Martaba da majalisarsa a buɗe littafi a fada. A gidaje da yawa akwai tsohuwar akwatin ƙarfe, cikinta da takardar soja da lamba da hoto, gara na ci, jikoki ba su iya karanta abin da ke rubuce. Kowane mai unguwa da mai gari ya bi gida gida, a rubuta sunan soja da na mahaifinsa, da shekarar da aka ɗauke shi, da inda ya yi yaƙi, da ko ya dawo. A ɗauki hoton takardun, a mayar wa masu su. A karanta sunayen a ƙofar fada sau ɗaya a shekara, liman ya yi musu addu'a, a kuma ware wa matansu da marayunsu kaso a rabon zakkar hatsi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama, na nan gida da na ƙasashen da babu mai ziyartar kabarinsu. Allah ya ba masu rai lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ja zamanin Sarki. Amin.